Daga Wasiƙar Madugu Zuwa Takardar Kwastam: Harshe da Haɗakar Ciniki a Afirka ta Yamma

Ƙungiyar da aka kafa a Legas ranar 28 ga Mayu, 1975 domin haɗa kasuwannin Afirka ta Yamma suna biyu gare ta a bakin Bahaushe. Mutumin Katsina ECOWAS ya sani, mutumin Maraɗi kuwa CEDEAO yake ji a rediyo, alhali tazarar da ke tsakanin garuruwan biyu ba ta kai kilomita 100 ba, kuma sarautar Maraɗi kanta daga Katsina ta samo asali. Jami'in da ke karɓar kuɗin fito a Jibiya ɗan kwastam ne. Takwaransa na Ɗan Isa, a ɗaya gefen iyaka, ɗan duwan ne. Wannan yana aiki a ofis, wancan a biro. Idan suka haɗu a wajen ɗaurin aure da Hausa za su gaisa har su yi barkwanci, amma takardar da ɗaya ya cika da safe, sai an nemo mai fassara kafin ɗayan ya karanta ta.

Masana tattalin arziki sun daɗe suna ja-in-ja kan hanyar da ta fi dacewa ƙasashe su buɗe wa juna kasuwa. Wasu na ganin maƙwabta su fara haɗa kai yanki-yanki, wasu na ganin a kafa ƙa'ida ɗaya da za ta hau kan duniya baki ɗaya. A 1950 Jacob Viner ya nuna cewa haɗakar kwastam tsakanin ƙasashe kaɗan tana iya haifar da sabon ciniki, tana kuma iya karkatar da tsohon ciniki daga mai arha na nesa zuwa mai tsada na kusa. Shekaru 45 bayan haka Jagdish Bhagwati ya kwatanta yarjejeniyoyin yanki da suka yi yawa da kwanon taliya wadda ta sarƙe, ba a gane farkon kowane sili. Muhawarar tana da amfani, sai dai kusan dukkanta a kan haraji da ƙididdiga take. Ba ta cika tambayar wane ne ke magana da wane a wurin aiki ba, da wane harshe, kuma me ya sa ɗaya zai yarda da maganar ɗayan. Tarihin fatauci a wannan yanki namu ya nuna cewa a daidai nan ne haɗaka take tsayawa ko ta rushe.

Littafin Tarihin Kano ya ambaci buɗe hanyar Gwanja tun ƙarni na 15, amma a ƙarni na 19 ne fataucin goro ya kai ƙololuwa. Ayari kan tashi daga Kano ko Sakkwato da jakuna da takarkarai ɗauke da kanwa, da turkuɗi, da jemammiyar fata, da busasshiyar albasa, ya haye Kwara, ya ratsa ƙasar Bargu ta Nikki da Jugu, ya bi ta Sansanin Mango da Yandi, ya sauka a Salaga, inda goron dajin Ashanti ke jiran sa. Zuwa da dawowa kan ci watanni masu yawa, wani lokaci shekara guda cur. A kan wannan hanya akwai masu magana da Dandanci, da Barganci, da Gurmanci, da Dagwambanci, da harshen Gwanja, kuma kowane sarki da fitonsa da gaisuwar da yake jira. Babu wata yarjejeniya da ta haɗa waɗannan masarautu. Duk da haka goro, wanda ɗan sakaci kaɗan ke sa ya bushe ko ya yi tsutsa, yana isa Kano da ɗanyensa.

Abin da ya sa hakan ya yiwu shi ne rabon aikin magana. Paul Lovejoy, wanda ya yi nazarin wannan fatauci a littafinsa na 1980, ya bayyana yadda Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari suka riƙe shi, da yadda ayari yake da shugabanci tsararre. Madugu shi ne bakin ayari: shi ke zuwa fada, shi ke ciniki kan abin da za a biya kafin a wuce, sannan a raba nauyin a kan fatake gwargwadon kayansu. Jagaba yana gaba yana jiyo labarin hanya. Akwai kuma malamin ayari mai rubuta wasiƙa da riƙe lissafi. A kowane zango akwai mai gida, wato fatoma, wanda ya san harshen baƙo ya kuma san na 'yan gari. Shi ke saukar da falke, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa idan an ba da bashi, ya karɓi la'adarsa. Darajar mai gida duka a kan kalmarsa take, domin idan ya ci amanar baƙo ɗaya, ayarin da ke komawa gida zai baza labarin zango-zango, badi kuma babu mai sauka a ƙofarsa.

Rubutu ma yana da gurbinsa. Imam Umaru, haifaffen Kano wanda ya zauna a Salaga sannan ya koma Karaci a gaɓar Bolta inda ya rasu a 1934, tun yana matashi ya tsara wani littafi da Larabci kan ƙa'idojin rubuta wasiƙa. Buƙatar irin wannan littafi kaɗai ta isa shaida cewa fatake da sarakuna sun ɗauki salon wasiƙa a matsayin sana'a mai dokoki. Larabci ya ɗauki takardu masu nauyi, ajami ya ɗauki saƙon yau da kullum, Hausa kuma ta zama harshen zango daga Kano har gindin daji. Wanda ya shiga wannan sana'a, ko ba Bahaushe ba ne, sai ya koyi harshen, kuma sau da yawa jikokinsa kan tashi ba su san wani ba.

Kada a ɗauka zamanin nan na zinariya ne. Salaga kasuwar bayi ce kamar yadda take kasuwar goro, kuma bayi na cikin waɗanda suka ɗauki kayan a ka. 'Yan fashi sun sha tarwatsa ayari a Bargu. Tsarin ya dogara ne ga ƙarfin Ashanti, shi ya sa da Ingila ta ƙona Kumasi a 1874 Salaga ta fara dusashewa, yaƙin basasar 1892 kuma ya ƙarasa ta. Abin lura dai shi ne hanyar sadarwar ba ta mutu tare da garin ba. Fatake sun watse zuwa Kintampo da Karaci da Kumasi da Akara, suka kafa sababbin zangonni. Alhassan Ɗantata, ɗan Agalawan Bebeji, yana cikin waɗanda suka karkata goro zuwa jirgin ruwa ta Legas, kafin ya dawo Kano ya zama babban mai sayen gyaɗa bayan isowar jirgin ƙasa a 1911. A shekarun 1960 Abner Cohen ya tarar da wannan tsari na mai gida da dillali yana nan da ransa a unguwar Sabo ta Ibadan, inda ake ba mahauta Yarabawa shanu bashi bisa lamunin mai gida, ba tare da kotu ko banki sun shiga ba.

Turawa ne suka raba takardar gida biyu. Ingila da Faransa sun fara zana iyaka a 1890 daga Sayi a bakin Kwara zuwa Baruwa a bakin Tafkin Chadi, suka yi ta gyara ta a 1898 da 1904 da 1906, sannan aka kafa turakun iyaka tsakanin 1906 da 1908. Layin da ya fito, mai tsawon kusan kilomita 1,500, ya bar Gobir da Katsina da Daura kowace da rabinta a wancan gefe. Daga nan doka ta koma Ingilishi a kudu, Faransanci a arewa. Kuɗi ma ya rabu: sefa ta zo a 1945, fam kuma ya ba naira wuri a 1973. Har lissafin baki ya bambanta. A Nijar dala tana nufin sefa 5, don haka wanda ya ce ɗari yana nufin 500, jikka kuma 1,000 ce. A Nijeriya jaka guda fam 100 ce a da, wato naira 200. Ɗan kasuwar kan iyaka yana juya waɗannan a kansa ba tare da ya tsaya tunani ba, 'yan canjin Wapa a Fage kuma da irin wannan ƙwarewa suke cin abinci.

A daidai lokacin da mulkin mallaka ke shirin naɗe tabarmarsa ne aka haifi tsarin ciniki na duniya. Ranar 30 ga Oktoba, 1947 ƙasashe 23 suka sa hannu kan yarjejeniyar GATT a Janeba. Ginshiƙinta shi ne sashe na 1: duk rangwamen harajin da ƙasa ta yi wa wata, dole ta yi wa sauran membobi. Sashe na 24 kuma ya bar ƙofa a buɗe ga maƙwabtan da ke son haɗa kwastam ko kafa yankin ciniki maras haraji, da sharaɗin haɗakar ta shafi kusan dukkan cinikinsu kuma kada su ƙara wa na waje shinge. Ke nan hanyoyin biyu da ake gardama a kansu a takarda ɗaya aka haife su. Nijeriya ta shiga GATT a 1960, Nijar a 1963, dukkansu kuma suka zama membobin Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, WTO, wadda ta gaje ta daga 1995.

Harsunan aikin WTO uku ne: Ingilishi, Faransanci da Sifaniyanci. Amma matsalar ƙananan ƙasashe a Janeba ta wuce ta fassara. Akan yi taruka da yawa a lokaci guda, ƙasar da ke da jami'ai biyu ko uku ba za ta iya halartar duka ba, muhimman shawarwari kuma a kan yanke su ne a ƙananan zama da ake kira koren ɗaki, inda ba kowa ake gayyata ba. Wannan ƙorafi yana cikin abubuwan da suka watsa taron Siyatil a 1999. A 2003 ƙasashen Benin, Burkina Faso, Chadi da Mali suka haɗa murya kan tallafin da Amurka da Turai ke ba manoman audugarsu, wanda ke karya farashi a kan manoman Afirka, har shugaban Burkina Faso na lokacin, Blaise Compaoré, ya je Janeba da kansa. Taron Kankun na wannan shekara ya tashi baram-baram. Zagayen tattaunawar Doha da aka buɗe a 2001 da sunan ci gaban matalauta bai kammalu ba, kuma tun Disamba 2019 kotun ɗaukaka ƙara ta ƙungiyar ta daina zama saboda Amurka ta hana naɗa alƙalai. A wannan hali Ngozi Okonjo-Iweala ta karɓi shugabancin ƙungiyar a Maris 2021.

Da wannan tarihi, mutum zai zaci haɗakar yanki ce za ta ci gajiyar abin da Janeba ba ta da shi, wato mutanen da suka riga suka san juna, suna jin harshen juna, suna auratayya. Yakubu Gowon da Gnassingbé Eyadéma, tare da Adebayo Adedeji wanda ya yi zirga-zirgar shawo kan shugabanni, sun so ne su ɗinke ɓarakar da ke tsakanin masu Ingilishi da masu Faransanci. An kuma yi abin a zo a gani: yarjejeniyar 1979 ta ba ɗan yankin damar shiga kowace ƙasa ya zauna kwana 90 ba biza, an soke haraji a kan amfanin gona da kayan sana'ar hannu a takarda, kayan masana'antu suka biyo baya a 1990, harajin bai-ɗaya na kayan waje kuma ya fara aiki a Janairu 2015 da matakai biyar, daga sifiri zuwa kashi 35 cikin 100.

Sai dai ginin ya ɗauki siffar ofisoshin da ya gada. Yarjejeniyar da aka sabunta a Kwatano a 1993 ta ce harsunan hukuma na ƙungiyar sun haɗa da duk wani harshen Afirka ta Yamma da shugabanni suka ayyana, tare da Ingilishi da Faransanci da Fotugis, amma harsunan aiki su ukun nan ne kawai. Da su ake buga takardar shaidar asalin kaya, da su ake neman rajistar masana'anta a tsarin rangwame, da su ake rubuta sanarwar da ke cewa gero da wake da dabbobi ba su da haraji. Matar da ke kai tattasai kasuwa a ƙetaren iyaka, ko mai koro raguna daga Tawa zuwa Illela, ba su taɓa ganin wannan sanarwa da harshen da suke karantawa ba. Haƙƙin da mai shi bai san da shi ba kuwa, na mai tsaron shinge ne. A kan haka ne aka samu sabon fatoma, wato wakilin fiton kaya da ɗan kamasho, masu cin abinci daga ratar da ke tsakanin harshen takarda da harshen mai kaya. Bambancinsu da fatoman da shi ne, wancan yana tsoron ɓacin suna, wannan kuwa sarƙaƙiyar takarda ce jarinsa.

Shi ya sa ƙididdigar hukuma, wadda ba ta cika nuna cinikin cikin yankin ya haura kashi 15 cikin 100 ba, take ba wanda ya san kasuwar Dawanau ko ta Mai'aduwa dariya. Cinikin yana nan, takarda ce ba ta gan shi ba. Emmanuel Grégoire ya nuna a nazarinsa na 1986 kan Alhazan Maraɗi yadda suka gina dukiya a kan dangantakar ubangida da bara da abokan hulɗa na Kano da Katsina, ana aika kaya na miliyoyi bisa kalma. Wani ɓangare na wannan dukiya, a faɗi gaskiya, daga saɓanin manufofin ƙasashen biyu ya fito: abin da Nijeriya ta haramta ko ta tsauwala wa haraji, kamar atamfa da taba da shinkafa, sai ya sauka a Kwatano, ya hau zuwa Nijar, ya sulalo kudu da dare, man fetur mai tallafi kuma ya bi hanyar a juye. Wannan ita ce karkatar cinikin da Viner ya yi magana a kai, cikin rigar fasa-ƙwauri.

Rauni na biyu na haɗakar yanki shi ne fushin maƙwabci ya fi na baƙo saurin isowa. A 1983 gwamnatin Shagari ta kori baƙi 'yan yankin masu ɗimbin yawa. A Afrilu 1984 gwamnatin soja ta Buhari ta rufe iyakokin ƙasa, ba a buɗe ba sai 1986, rufewar kuma ta faɗo a kan fari mai tsanani, har mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwar wannan lokaci sunan El-Buhari. A Yuli 2019 Nijeriya ta sa hannu kan yarjejeniyar kasuwar bai-ɗaya ta Afirka a Yamai, a watan Agusta kuma ta sake rufe iyakokinta har zuwa Disamba 2020. Ba a yi wa masu kaya a hanya wani gargaɗi na kirki ba. Albasa da tumatir suka ruɓe a cikin motoci. Madugun da ya shiga ƙasar da sarkinta ya yi fushi yana da fadar da zai je ya durƙusa ya yi magana. Direban da ya tarar da sarƙa a Kwanni ko Kamba ba shi da wanda zai gani.

A nan ne ya kamata a yi wa tsarin duniya adalci, domin ya samar da wani irin harshe wanda yanki bai iya samarwa ba, wato harshen lamba. Tun 1988 hukumomin kwastam na duniya suke amfani da jadawali ɗaya da ya ba kowane nau'in kaya lamba mai alƙaluma shida. Goron da aka yi ta ɗauka daga Salaga yau lambarsa 0802.70, kuma haka take a Legas da Yamai da Jidda da Shanghai. Manhajar kwastam da hukumar UNCTAD ta ƙirƙira, wadda ƙasashe da dama ke aiki da ita, ta samo asali ne daga roƙon da sakatariyar ECOWAS ta yi a 1981 na a taimaka mata tattara ƙididdigar ciniki. Ita ma dai suna biyu ta samu, ASYCUDA da SYDONIA. Yarjejeniyar sauƙaƙa ciniki da aka cimma a Bali a 2013, ta fara aiki a Fabrairu 2017, ita ce babbar nasarar WTO, kuma sashenta na farko kacokan kan sadarwa yake: a wallafa ƙa'idojin shigo da kaya da fitar da su, a sa su a intanet, a buɗe ofishin amsa tambayoyi. Amma da ta zo batun harshe, abin da ta nema shi ne a samar da bayanin da ɗaya daga cikin harsunan ƙungiyar idan ya yiwu. An tsara ta ne domin kamfanin da ke Rotadam ya fahimci Apapa. Ko mai buhu goma a Magama zai fahimta, wannan an bar wa gwamnatinsa.

Wasu yankuna sun ɗauki al'amarin da muhimmanci. Doka ta farko da majalisar Tarayyar Tattalin Arzikin Turai ta zartar a 1958 a kan harshe take: ta amince da Jamusanci, Faransanci, Italiyanci da harshen Holan, yau kuma harsunan Tarayyar Turai 24 ne, kowace doka sai an buga ta da dukkansu, komai tsadar fassara. Ƙungiyar COMESA ta gabashi da kudancin Afirka ta fito da sauƙaƙaƙƙen tsari ga ƙananan 'yan kasuwa, da takarda gajera da jami'in ba da bayani a bakin iyaka. Tarayyar Afirka ta karɓi Suwahili a matsayin harshen aiki a Fabrairu 2022. A ganina babu wani dalili na fasaha da ya hana a yi wa Hausa, da Yarabanci a hanyar Legas zuwa Kwatano, da Jula a hanyar Abijan zuwa Bamako, irin wannan gata, ko da a matakin takardar kan iyaka da allon sanarwa kawai. Abin da ya hana shi ne waɗanda ke rubuta yarjejeniya da waɗanda ke ɗaukar kaya ba makaranta ɗaya suka yi ba, kuma na farkon ba su cika ɗaukar harshen na biyun a matsayin harshen aiki ba.

Abubuwan da suka biyo bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, 2023 sun gwada tsarin biyu a lokaci guda. ECOWAS ta rufe iyaka, Nijeriya ta yanke wutar lantarki, farashin abinci da magani ya tashi a Maraɗi da Damagaram, kasuwannin Jibiya da Illela da Maigatari kuma suka yi tsit. Ayarin malaman addini daga Nijeriya, masu magana da Hausa, na cikin na farko da sojojin Yamai suka yarda su saurara a watan Agusta, bayan an ƙi karɓar wasu wakilan hukuma. An ɗage takunkumin a Fabrairu 2024, amma kafin nan Nijar da Mali da Burkina Faso sun riga sun sanar da ficewarsu, wadda ta tabbata ranar 29 ga Janairu, 2025. ECOWAS ta ce za a ci gaba da mutunta zirga-zirgar mutane da rangwamen kaya har sai an sake shawara, wato ciniki tsakanin Kano da Maraɗi yanzu yana rataye ne a kan sanarwar wucin gadi.

Ƙarƙashin wannan sanarwa abin da ya rage a rubuce shi ne ƙa'idojin WTO, waɗanda ƙasashen biyu ke ciki, da hukumar haɗin gwiwa ta Nijeriya da Nijar da aka kafa a 1971 mai mazauni a Yamai, da yarjejeniyar kasuwar Afirka da aka ƙulla a Kigali a Maris 2018, wadda aka rubuta da Larabci, Ingilishi, Faransanci da Fotugis. Layin dogo mai tsawon kilomita 284 da aka aza harsashinsa a Fabrairu 2021 an tsara shi ne ya tashi daga Kano, ya bi ta Daura da Katsina da Jibiya, ya tsaya a Maraɗi, kuma a kowace tasha daga farkonsa har ƙarshensa, masu lodi da masu kayan Hausa suke ji.